Ka Iya Tuƙi, To Me Ya Kayar da Kai? Kurakuran Masu Neman Lasin Motar Haya

Duk wanda ya taso a tasha ya san irin yaron da zan kwatanta. Ya fara da wankin mota, ya koma ɗaure kaya, ya yi shekara biyar ko shida yana yaron mota. Da asuba shi ke tayar da inji kafin maigida ya fito, shi ke matsar da mota in layi ya motsa, har wata rana a hanyar dawowa daga Gusau maigida ya gaji ya miƙa masa sitiyari. Yanzu yana iya cusa bas da ribas tsakanin motoci biyu bai gogi ko fenti ba. Ranar gwajin tuƙi ta zo, jami'in VIO, wato hukumar da ke duba motoci da gwada direbobi, ya zauna a gefensa na ɗan lokaci, ya sauka ya ce masa ya dawo wani jiƙon. Yaro ya koma tasha yana cewa mugunta aka yi masa.

Da za ka zaunar da shi ya ba ka labarin dalla-dalla, da kanka za ka ƙirga masa laifi bakwai ko takwas. Bai ɗaura bel ba sai da aka yi masa magana. Ya tashi da giya ta biyu. Ya hau titi bai ba da sigina ba. A shataletale ya danna oda ya kutsa. Kuma babu ɗaya a ciki da ya ɗauka laifi ne, don haka ya ga ana yi tun yana ɗan shekara goma sha biyu.

Ni dai abin da na lura da shi, ɗan koyon da ya fito daga makaranta hannunsa na rawa ya fi tsohon hannun tasha saurin tsallake wannan gwaji. Ɗan koyo tsoro ne ke sa shi bin ƙa'ida, tsohon hannu kuwa sabo ke jan sa. Shi jami'in gwaji abin da ya zo dubawa shi ne ko za a iya danƙa maka rayukan mutum goma sha takwas ka kai su Abuja lafiya. Gwanintar murza sitiyari ɗan ƙaramin yanki ce a cikin wannan.

Harafin da ke jikin katin

Kuskuren farko tun ba a taɓa mota ba ake yin sa. Mutane da yawa sun ɗauka lasin lasin ne, in dai da hotonka a jiki shi ke nan. A Najeriya lasin tuƙi rukuni-rukuni ne, kowane da harafinsa. A na babur ne. B na ƙaramar motar gida ce wadda nauyinta da kayanta bai kai tan 3 ba, kuma an cire tasi da motar ɗaukar fasinja daga cikinsa ƙarara. C shi ne na ƙaramar motar da ba ta kai tan 3 ba har da ta haya. G na tirela ne da tanka, F na motar noma, H na katafila da danginta.

Inda ake yawan zamewa shi ne tsakanin D da E. Mutum ya ji an ce D na babbar mota ne, sai ya ce to ai wanda ya isa ya ja gingimari ya isa ya ja bas. A ƙa'ida ba haka ba ne: D bai haɗa da tasi da bas ɗin fasinja ba. E ne ya haɗa su. Saboda haka kafin ka cike fom ka san motar da za ka ci abinci da ita. In Golf ce ta lodin Kano zuwa Katsina, wannan rukunin C ne, in doguwar bas ce, E za ka nema. Ka faɗa wa makarantar da za ta koya maka tun ranar farko, ka kuma sake duba harafin a fom kafin ka biya ko sisi. Mai lasin B da ke lodi a tasha, ranar da tsautsayi ya faɗa, a idon doka da na kamfanin inshora bai da izinin jan wannan motar.

Sai shekaru. Ɗan shekara 18 yana iya karɓar lasin motar gida, amma na haya sai wanda ya cika 26. Matasa da yawa suna jin haushin wannan, wasu har su ƙara wa kansu shekara a fom. Da can wataƙila a sha, yanzu kuwa sai da lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, ake yin lasin, kuma kwamfuta za ta gwama abin da ka rubuta da abin da ke rumbun hukumar katin ɗan ƙasa. In shekarunka ba su kai ba, ka karɓi B, ka ci gaba da goge hannu, lokaci na zuwa.

Wannan batu na NIN yana da wani tarko da ya fi kama mu 'yan Arewa. A katin ɗan ƙasa kai Muhammad ne, a takardar makaranta Mohammed, a fom kuma yaron shagon kwamfuta ya rubuta maka Muhammadu. Ko a wuri ɗaya sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wani wurin sunan garinku. Ranar haihuwa ma haka, wanda bai san tasa ba aka sa masa 1 ga Janairu a nan, aka sa wata daban a can. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da aikin makonni. Maganinsa mai sauƙi ne: ka tafi da takardar NIN ɗinka, ka tsaya a kan mai cike fom, ya kwafa harafi da harafi. In kuskuren a NIN ɗin yake, can za ka fara gyarawa.

"Kawo hoto da kuɗi, ka zo jibi"

Wanda duk ya ce maka haka, jabu zai kawo maka. Lasin na gaskiya hannu uku yake bi. VIO ke gwada ka ta tabbatar ka iya. Hukumar tattara haraji ta jiha ke kula da kuɗi da miƙa katin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar hotonka da zanen yatsunka ta buga katin. Sabon mai nema dole ya je da ƙafarsa ya tsaya gaban na'ura. Babu ejan da zai ara maka yatsunsa.

Abin takaicin, mai jabun lasin yakan biya fiye da kuɗin gwamnati, ya yi shekara biyu yana yawo da roba a aljihu bai sani ba, sai ranar da aka buga lambar a na'ura a bakin hanya, ko ranar da ya je neman aiki a kamfanin sufuri. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka biya ta banki ko ta hanyar da hukuma ta tanada, ka adana rasit.

Dangin wannan kuskure shi ne raina makarantar koyon tuƙi. "Ni da na yi shekara bakwai a kan hanya wani yaro zai koya mini tuƙi?" To, tsarin da ake bi yanzu shi ne sabon mai nema sai ya fito daga makarantar da FRSC ta amince da ita, ya cika zama 26 na horo, makarantar ta fitar masa da shaida mai lamba. Da wannan lambar ake buɗe fom. Kafin ka ba kowace makaranta kuɗinka ka tabbatar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, don allo da tsohuwar mota mai harafin L ba su ne shaida ba.

Wasu kuma sukan biya kuɗin, su ɓace, su dawo karɓar takarda. Kansu suka cuta. Kai da ka riga ka iya jan mota, wannan zama 26 ba na koyon canza giya ba ne a wurinka. Dama ce ta samun wanda zai zauna kusa da kai ya riƙa nuna maka miyagun sabon da ba ka san kana da su ba. Ka gaya wa malamin gaskiya: Malam, na iya tuƙi irin na tasha, ka gyara ni. Za ka sha mamakin yawan abin da zai tono.

Ido

Mai neman lasin haya ana buƙatar ya kawo takardar lafiya daga asibitin gwamnati, kuma akwai gwajin ido. Nan ma akwai masu neman a sa musu hannu kawai ba a duba su ba. Ban ga wayon da ke cikin wannan ba. Hawan jinin ido, alal misali, daga gefe yake fara cin gani, a hankali, babu zafi. Mutum yana ganin gabansa tar, amma mai babur da ya ɓullo ta gefen dama sai ya zo daf yake ganin sa. Yanar ido kuma ita ke sa fitilar motar da ke tahowa da dare ta tarwatse maka a fuska. Direba nawa ne ke cewa "ni ba na son tafiyar dare yanzu" bai taɓa zuwa an duba shi ba?

Ka je asibiti tun da sauran makonni. In tabarau ne, a yanka maka, ka saba da shi, ka sa shi ranar gwaji. Tabarau ba ya hana lasin, kunyar sa shi ce ke sa mutum ya kasa karanta allo. A auna maka hawan jini da suga, ka kuma san rukunin jininka don fom yana tambaya. Maganar ƙwaya kuwa, tiramol da ire-irensa da ake sha wai don a kori barci, duk wanda ya san yana taɓawa ya san abin da ya kamata ya fara yi kafin ya nemi a ba shi amanar fasinja.

Alamomin da kake wucewa kullum

Ka tsayar da direban da ya yi shekara goma yana Kano zuwa Kaduna, ka nuna masa da'ira mai jan baki da motoci biyu a jere a ciki, ka ce mene ne wannan. Da yawa za su yi murmushi su sosa ƙeya. Hanya ya haddace, ya san kowane rami da kowace kwana, allon gefen titi kuwa ado ne a wurinsa. A ɓangaren tambayoyi, ko da baki aka yi, ko a takarda, ko a kwamfuta kamar yadda ake yi a Legas, nan tsofaffin hannu suka fi zubewa.

Kuskuren masu shiri shi ne su ɗauki littafin dokokin hanya daren gwaji su ce za su haddace alama ɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da siffa, sauran za su zo da sauƙi. Da'ira mai jan baki hani ce: kada ka shiga, kada ka wuce mota, kada ka haura gudu kaza. Da'ira shuɗiya umarni ce: bi nan, juya can. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce: kwana a gaba, makaranta, gada mai ƙunci, dabbobi na tsallakawa. Mai kusurwa huɗu bayani take ba ka: asibiti, gidan mai, nisan gari. Ja mai kusurwa takwas ita ce ta tsayawa, kuma tsayawa ake nufi, taya ta daina juyawa, ba rage gudu da leƙe ba. Wanda karatun boko bai yi masa nisa ba, kada wannan ya karya masa gwiwa. Ya samu ƙani ko ɗa ya riƙa nuna masa alama biyar kullum bayan sallar isha'i, washegari a hanya ya riƙa nemo su da idonsa. Wata ɗaya ya isa.

Zanen ƙasa ma magana yake yi. Layi mai tsinke-tsinke a tsakiyar titi, kana iya wuce mota in gaba babu kowa. Layi miƙaƙƙe wanda bai tsinke ba, ba a haura shi. Zanen tsallakawar masu tafiya a ƙasa, in mutum ya sa ƙafa, hanya tasa ce. A danja, ruwan ɗorawa ba ya nufin a ƙara wuta kafin ja ta kama, yana nufin a tsaya sai fa in tsayawar za ta jawo haɗari. In kuma ga danja ga jami'i yana ba da hannu, hannun jami'in ake bi.

Akwai lambobi uku da direban haya bai kamata ya yi inda-inda a kansu ba. Tasi da bas: kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya ta gudu. Masu faɗuwa sukan ce 100, don ita suka saba ji, alhali 100 ta motar gida ce. Tun 1 ga Fabrairu 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, saboda haka kada tambaya a kanta ta zo maka a baƙuwa.

Ga wani lissafi da ya kamata ka yi da kanka sau ɗaya. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya ka duba waya na daƙiƙa huɗu, ka yi tafiyar mita 100 ido rufe, kusan tsawon filin ƙwallo. Daga nan aka samo ƙa'idar tazarar daƙiƙa biyu: in motar gabanka ta wuce wata bishiya ko turken wuta, ka ƙirga a ranka, dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu. In ka iso wurin ba ka gama ba, ka matse ta da yawa. Da ruwan sama, ko hazon hunturu, ko mota cike da mutane da buhuna, sai ka ninka. Ka kuma riƙe wannan: in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkawa.

Kafin ka murza makulli

Yaron mota ya fi kowa sanin duba mai da ruwa, amma ranar gwaji sai ya faɗa kujera ya tayar, don yana ganin zagaya mota aikin yara ne. Ka zagaya. Ka duba tayoyi, fitilu, sigina, gilas da madubai. Ka san inda ake duba baƙin mai, man birki da ruwan lagireto, ka iya nunawa in an tambaye ka. Ka tabbatar akwai safaya mai iska, jak, sifanar taya, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, tukunyar kashe gobara da akwatin taimakon gaggawa. Ita tukunyar ka duba allurarta tana kan kore, kuma wa'adinta bai wuce ba. Na sha ganin wadda ta shekara biyar a ƙarƙashin kujera, an ajiye ta don jami'ai kawai, babu wanda ya san yadda ake zare ƙusarta.

Taya ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1522, an yi ta a mako na 15 na 2022. A ƙa'idar FRSC taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka ƙera ta, ko da zanenta bai cinye ba, don roba tana bushewa ko an yi aiki da ita ko ba a yi ba. Tayar gwanjo da yawa ta riga ta mutu tun kafin ta sauka a jirgi. Iska kuma ba da bugun ƙafa ake auna ta ba, ba kuma abin da mai faci ya ga dama ba. Adadin yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar. Tayar da aka cika wa iska fiye da kima, ko wadda ba ta da isasshiya, a kwaltar watan Afrilu da lodi a kanta, kowa ya san ƙarshen labarin.

A kan sitiyari

Nan ne sabo yake fitowa fili, kuma nan ne gyara ya fi wuya, don jiki ne ya haddace ba ƙwaƙwalwa ba.

Ka zauna, ka gyara kujera, ka gyara madubai uku, ka ɗaura bel har ya yi ƙara, ba rataya shi a kafaɗa irin na hango jami'ai ba. Ka kashe waya gaba ɗaya. Hannu biyu a sitiyari, gwiwar hannun nan da ta saba leƙa taga ta dawo ciki. Ka tashi da giya ta ɗaya. Ka ɗauke ƙafa daga kuloci in ka gama canza giya, don ɗora ta a kai yana cinye faranti kuma jami'i yana gani.

Kafin kowane motsi, tashi ne, juyawa ne, canza layi ne ko tsayawa, tsarin ɗaya ne: madubi, sigina, sannan motsi. Direban tasha yakan juya shi, ya fara karkata sannan ya kunna sigina, in ma ya kunna. Kuma madubi ba ya nuna komai da komai. Akwai wani lungu a gefen mota da babur ko Adaidaita Sahu ke ɓuya a ciki ɗungurungum, sai ka ɗan waiga za ka gan shi. Ka bari jami'in ya ga kanka yana motsi. Ba zai iya karanta zuciyarka ya san ka duba ba.

A shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya, wato mai zuwa ta hagunka. Tun 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama haka abin yake, amma har yau a garuruwanmu wanda ya fi ƙarfin hali shi ke wucewa. Ranar gwaji ka jira, ko na bayanka zai fasa oda. Oda ma kanta, gargaɗi ce, ba ta maye gurbin birki.

Ribas yana ba mutanen tasha mamaki. Sun saba akwai yaro a baya yana dukan jikin mota, "zo, zo, zo, ya isa!" Ranar gwaji babu yaro. Ka samu fili, ka jera duwatsu ko galan, ka yi ta shiga da fita kai kaɗai da madubi har ya zauna maka. A hankali ake yi, babu wanda ke ba da maki don sauri. Haka tashi a kan hawa: ka ja birkin hannu, ka sa giya ta ɗaya, ka saki kuloci har ka ji mota ta ɗan yunƙura, ka ƙara totur, sannan ka sauke birkin hannu. In ta zame baya ko da taku ɗaya ne, an gani.

Wanda ya koya da ƙaramar mota ya zo gwaji da bas, shi kuma kwana ce ke kama shi. Tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, tana yanke kwana ta ciki, kuma iya tsawon mota iya yankewar. A bas irin Hiace direba kusan a kan tayar gaba yake zaune, dole ya ɗan shige gaba kafin ya karya sitiyari, in ba haka ba tayar baya ta hau dakali ko ta faɗa kwata. Tun da wuri ka tambaya da wace irin mota za a gwada ka, ka yi atisaye da irinta.

Akwai wani sabo da nake so in ja kunne a kansa ko da ba gwaji: sakin mota a firi a gangara wai don a rage shan mai. In giya tana ciki, inji yana taya ka riƙe mota. Ka fitar da ita, duk nauyin ya koma kan birki. Birki ya yi zafi, man cikinsa ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Masu kashe inji gaba ɗaya sun fi muni, don a yawancin motoci ƙarfin birki da laushin sitiyari daga inji suke samuwa. Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos da mota cike ya san dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ke komawa ƙaramar giya tun daga sama. In jami'i ya tambaye ka yadda ake sauka doguwar gangara, amsar ke nan.

Sannan tsayawa. Direban haya in ya ji "akwai sauka" ƙafarsa ta riga ta kai birki, ko a tsakiyar kwana ne. Jami'i yana iya ce maka tsaya a wurin da bai dace ba, kan gada, bakin mahaɗa, ko gaban alamar hana tsayawa. Kada ka rikice. Ka ce, ranka ya daɗe, bari in ɗan matsa gaba inda ya halatta. Ka duba madubi, ka ba da sigina, ka gangara gefe sosai, ka ja birkin hannu. In mota ta mutu maka a tsakiyar gwaji, ba ƙarshen duniya ba ne. Birkin hannu, firi, ka sake tayarwa, ka sake duba madubi. Rikicewar da ke biyo baya ce ta fi kayar da mutane.

Tambayoyin da suka shafi fasinja

Wannan ne ya raba gwajinka da na mai motar gida, kuma shi aka fi mantawa a shiri. Mutum nawa motar take ɗauka? Adadin kujerun da aka yi mata rajista da su, ba "biyu a gaba, huɗu-huɗu a baya, yara a cinya" ba. Obalodi yana tsawaita nisan birki, yana gasa taya, kayan da aka tula a rufi kuma suna sa mota saurin kifewa a kwana. Ba a tashi sai kowa ya zauna an rufe ƙofa. Fasinja ta gefen dama yake sauka, ba ta cikin titi ba. Motar da ke tafiya gari zuwa gari tana riƙe takardar sunayen fasinjoji da lambar wani nasu, kuma ba don ƙawa ake cike ta ba, ranar haɗari da ita ake nemo dangi.

In mota ta lalace a hanya, ka gangara gefe, ka kunna fitilun gargaɗi, ka kafa alamar kusurwa uku da nisa yadda mai tahowa zai gan ta da wuri, ka fitar da mutane su koma can gefe. Ganye da duwatsun da ake zubawa a bar su a kan kwalta sun jefa wasu cikin wani haɗarin. In haɗari ne, lambar FRSC ta kyauta 122 ce. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, wanda ake zaton ya karye a wuya ko baya ba a fizgo shi sai in wuta ce ke barazana. In inji ya kama wuta, kada ka wangale bonet iska ta shiga, ka ɗan ɗaga ka fesa a gindin wutar.

In an ce ka ci, da sauran aiki kaɗan. Bayan an sa hannu a fom ɗinka an ɗauki hoto da yatsu, ana iya ba ka lasin wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito. Ka rubuta ranar a wani wuri, ka koma ka bincika kafin ta cika, kada ka bari sai an tare ka a hanya. Lasin na shekara 3 ne ko 5, ka zaɓi wanda aljihunka zai ɗauka. Mai niyyar zuwa Legas neman aikin tuƙi ya sani cewa can akwai ƙarin katin cibiyar horar da direbobi ta jihar, LASDRI, da ake nema a hannun direbobin haya. Ranar da aka miƙo maka katinka kuma, kada ka soke shi a aljihu ka fita da murna. Ka tsaya a gaban tebur ɗin ka karanta sunanka, ranar haihuwarka, da harafin rukunin. In ka nemi E ka ga B, a nan take za ka yi magana.